Zobon Gidan Malam Misbahu

A ƙofar ɗakin taro aka miƙo mini takardar shirye-shirye. Hotonsa ne a gaba, wanda aka ɗauka tun yana da gashi, a ƙasa kuma an rubuta da manyan baƙaƙe: Farfesa Misbahu Sambo, uban kemistiri na wannan kwaleji. Na nemi kujerar can baya na zauna. Mista Kumai ne ya buɗe taron. Ya ce an yi babban rashi, ya ce irin Malam ba a samun biyu, har ya zaro hankici ya goge ido. Wannan Mista Kumai shi ne shekara bakwai kafin ranar ya hana Malam buɗe kwalba a gabansa. Na yunƙura zan tashi in ce masa ya ji tsoron Allah ya zauna, sai na tuna cewa a duk ɗakin nan ni ce ta ƙarshe da ke da bakin faɗin haka.

Sunana Lai'atu Azariya. Ina koyar da kemistiri a wata sakandare a Kagoro. Kwalejin da nake magana a kai ba zan kama sunanta ba, ta horar da malamai ce a wajen Kafanchan, masu ita sun san kansu. Abin da zan faɗa shi ne wane ne Malam Misbahu, da yadda aka raba shi da aji, da hannun da nake da shi a ciki.

Da farko dai, ba farfesa ba ne. Mu ɗalibai muka laƙaba masa, rabi tsokana rabi girmamawa, kuma ba ya so. Hukumar kwaleji kuwa ko ƙarin matsayi ɗaya ba ta ba shi ba yana raye, sai da ya mutu ta ɗauki sunan da muka sa masa ta buga a takarda. Ɗan Kafanchan ne, haihuwa da girma. Kakansa ya biyo jirgin ƙasa ya zo ya kafa rumfar citta a kasuwa, ubansa ya gaje ta, 'yan'uwansa suna nan a cikinta har gobe. Shi kaɗai ne ya bi boko. Ya yi karatu a Zariya har digiri na biyu, wata masaƙa a Kaduna ta yi masa tayin aiki da mota, ya ƙi, ya dawo gida da keke ɗaya da akwatin littattafai.

Ɗan siriri ne, gajere, mai saurin tafiya, yatsunsa kullum da tabon rawaya na asid. Kada wani ya ce maka waliyyi ne. Mutum ne mai zafin rai da rowar maki. Ya taɓa sa ni wanke kwalba ɗaya sau huɗu, yana ɗaga ta ga haske yana cewa, "Kagoro, wannan wankin naki ko akuya ba za ta sha ruwa a ciki ba." Kagoro yake kirana, da sunan garinmu. Ya raina mutanen ofis, kuma ba ya ɓoyewa, su ma ba su manta masa ba. Amma idan ya tsaya gaban aji, ko ɗalibin da ya zo barci sai ya gyara zama. Abin da ya fi maimaita mana shi ne, wanda bai yi gwaji da hannunsa ba labari kawai ya ji.

Ina shekara ta biyu aka yi rikicin addini na watan Maris na 1987, wanda ya tashi a Kafanchan ya bazu zuwa wasu garuruwa. Aka rufe makarantu muka koma gida. Da aka buɗe muka dawo, mutanen da muke cin abinci kwano ɗaya da su sai muka koma gaisawa daga nesa. Kiristoci suka zauna gefe ɗaya na aji, Musulmi ɗaya gefen, ba kuma wanda ya ce a yi haka. A ƙofar lab, wato ɗakin gwaje-gwaje, muka tarar da ƙaton kwaɗo. Hukuma ta ce akwai asid a ciki, kuma a irin wannan lokaci ba a san abin da yaro zai yi da shi ba. Gwaji kuma a riƙa yinsa a takarda, ka zana kwalba, ka rubuta launin da littafi ya ce za ka gani.

Sau uku Malam yana zuwa ofis neman mabuɗi. A na ukun muna jiyo muryarsa daga baranda yana cewa, "Za ku yaye malaman kemistiri da ba su taɓa ganin ruwa ya sauya launi ba, su je su koyar da 'ya'yanku?" Ba a ba shi ba. Ranar Litinin ya shigo aji ya ce duk mai son koyon abin da ya zo koya ya same shi a gidansa ranar Asabar ƙarfe tara na safe.

Gidansa cikin unguwar Hausawa yake, bayan kasuwa. A wancan lokaci, Kirista ya bi lungunan nan ba ƙaramin abu ba ne. Mu goma sha ɗaya muka je, Kiristoci bakwai, Musulmi huɗu. Mu bakwai ɗin muna tafe manne da juna, ba mai ɗaga ido. A tsakar gida muka tarar ya jera benci biyu a ƙarƙashin rumfa. Abin da ke kan tebur sai da ya ba ni dariya: kwalaben allura da ya roƙo daga kemis ya dafa su, sirinji marar allura, lemun tsami, kanwa, da tukunyar zobo.

Ya dube ni ya ce, "Kagoro, yaya mamarki take tace ruwan toka na miyar karkashi?"

Na yi masa bayani. Kwano mai huji, a zuba toka, a zuba ruwa, ya riƙa ɗiga a wani kwanon.

Ya ce, "To mamarki ta riga ki shiga kemistiri. Tashi ki tace mana."

Na tace. Ya zuba ruwan zobo a kwalba, jawur. Ya ce in ja ruwan toka a sirinji in riƙa sakin ɗigo ɗaya-ɗaya ina ƙirgawa da ƙarfi. A ɗigo na goma jan ya fara duhu. A na goma sha bakwai ruwan ya koma kore shar. Ya matsa lemun tsami a ciki, ya dawo ja. Ya ce tsamin lemo shi ne asid, ruwan toka shi ne abokin karawarsa da littafi ke kira bes, zobo kuma ɗan rahoto ne kawai, yana gaya maka wanda ya fi ƙarfi a cikin kwalba. Shekara biyu ina haddace wannan a littafi, sai ranar na gan shi da idona. Har yau ban ji daɗin wani darasi kamar wannan ba.

Idan an tashi, matarsa Mama Rahmatu takan fito da ƙaton kwano na zobon sha, wanda ta dafa da citta da kanumfari, ta sa sukari, ta sanyaya a randa. Daga buhu ɗaya ake ɗiban zobon gwaji da na sha, amma tukunya daban-daban. Malam ya shafa wa kwalaben gwaji jan fenti a wuya, ya ce duk wanda ya kai ɗaya baki kada ya sake tako masa gida. Mama Rahmatu ba ta yarda baƙo ya fita gidanta bai sa komai a baki ba, wannan shi ne duk dalilin zobon shan. Mukan sha kofi bibbiyu. Wani ɗan ajinmu mai suna Meshak, sarkin surutu da son a san ya iya, shi kam sai an ƙwace kwanon daga hannunsa.

Wata biyar muna haka. Maƙwabta ba su ji daɗi ba. Wata Asabar Alhaji Saifuddeen, wanda gidansa ke kallon na Malam kuma yake aiki a ofishin kwaleji, ya tare shi a ƙofa a gabanmu ya ce, "Malam, kowane mako kana shigo mana da su suna ƙirga ƙofofin gidajenmu."

Malam ya ce, "Alhaji, waɗannan ko ɗigon ruwa da ƙyar suke ƙirgawa daidai."

Muka yi dariya. Alhaji bai yi ba.

Hutun Ista na 1988 Meshak ya tafi ƙauyensu da kwalbar zobo a aljihu. Bayan an taso daga sujada ya tara dangi a tsakar gida ya nuna musu gwaninta. Ja ya koma kore, kore ya koma ja. Aka tambaye shi inda ya koyo, ya ce a gidan malaminsu Bahaushe, kowace Asabar, kuma in an gama har sha ake ba su. Wawa, bai ce tukunya biyu ba ce. Ko da ya faɗa ma ban san ko wani zai ji ba.

Kowa a ƙasarmu ya san malaman Hausawa suna rubutu su wanke su ba mutum ya sha. Ba sai an yi wa tsohuwa bayani ba, ta riga ta haɗa labarinta. Kafin Lahadi ta zagayo maganar ta kai ikilisiyoyi huɗu: wani malami yana tara 'ya'yanmu a gidansa, yana ba su ruwa mai kama da jini wanda ke juya launi, duk wanda ya sha zuciyarsa za ta bar Ubangiji. Wata 'yar ajinmu ta daina zuwa kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan coci, saboda taifot ya kwantar da ita, aka ce ga shi nan an fara gani. Matan da suke tace ruwan toka kowace safiya, suke dafa zobo kowane biki, su ne suka fi kowa rantsuwa cewa wannan ba aikin hannun mutum ba ne.

Iyaye suka rubuta wa kwaleji takardar ƙara. Maƙwabtan Malam ma suka rubuta tasu, cewa yana shigo da baƙin ido unguwa. Tun bayan rikici, wannan ne karo na farko da ɓangarorin biyu suka yarda a kan abu ɗaya. Aka kafa kwamiti na mutum biyar, Mista Kumai shugaba, Alhaji Saifuddeen magatakarda, aka sa ranar zama.

Babana, Azariya, dattijon ikilisiya ne kuma manomin citta. Ba mugun mutum ba ne, wannan ma ina so a sani. Ƙanensa ya dawo daga Zariya lokacin rikici da rigar jikinsa kaɗai, Baba ne ya ɗauki nauyinsa da 'ya'yansa biyar. Kwana biyu kafin zaman kwamiti ya aiko in same shi a gona. Yana cire ciyawa, bai ɗago ba ya ce an gaya masa ni ce ta gaban goshin malamin nan, ni za a fara tambaya.

Na ce, "Baba, zobo ne fa. Zobo da ruwan toka irin na Mama. Ka ba ni minti biyar in nuna maka a gida."

Ya ce, "Ai kin sha. Shi ya sa kike faɗin haka."

Na sake buɗe baki, ya ɗaga mini hannu. Da yarenmu ya faɗi sauran, kuma ya fi zafi a can. Ya ce idan na tsaya gaban mutane na kare mutumin nan, in nemi wani uban, kuma kada in zo jana'izarsa. Shekarata ashirin da ɗaya a lokacin. Na daɗe ina ba kaina wannan uzurin, yanzu na daina, don na ga 'yan shekara goma sha biyar da suka fi ni ƙashin baya.

Ranar zama Malam ya zo da kwando a bayan keke. Ya ajiye a kan tebur ya fito da kwalba. Mista Kumai ya ja kujerarsa baya ya ce, "Kada ka buɗe wannan abin a nan." Mista Kumai fa aikin gona ya karanta, shi yake koyar da gwajin ƙasa. Ya san zobo, ya san toka, ya san abin da zai faru idan suka haɗu kamar yadda ya san sunan 'ya'yansa. Amma a waje iyaye sun cika baranda, shi kuma kujerar mataimakin shugaban kwaleji yake hange.

Malam ya mayar da kwalbar cikin kwando. Ya ce, "Na ji. Ku aiki masinja kasuwa ya sayo zobo da lemo. Toka a ɗebo daga murhun gidanka, Mista Kumai. Ni zan fita waje in zauna. Ɗalibata za ta yi muku da hannunta, kowa ya gani, a huta." Ya nuna ni da haɓa.

Duk ɗakin ya juyo kaina. Ta taga ina hango hular Baba, yana zaune a benci.

Mista Kumai ya ce, "Lai'atu, kin sha abin da ake bayarwa a gidan nan?"

Na ce, "Na sha, Sa."

"Kin san abin da ke ciki?"

Na san citta, na san kanumfari, na san randar da ake sanyaya shi, na taɓa taya Mama Rahmatu tacewa. Na ce, "Ban sani ba, Sa."

Malam ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Bai ɗaga murya ba, shi da ke ɗaga murya a kan kwalba marar tsabta. Ya ce, "Lai'atu, ranar farko, ɗigo nawa ne ya juya shi?" Ranar ce kaɗai na ji sunana a bakinsa. Amsar tana kan harshena. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina har Alhaji Saifuddeen ya rubuta cewa ɗaliba ba ta da amsa.

Sauran Kiristocin da aka kira bayana duk sawuna suka bi. Meshak ko zuwa bai yi ba, ya gudu Jos wurin yayansa, bai sake dawowa karatu ba. Musulmi huɗun nan sun faɗi gaskiya, aka ce ai nasa ne, shaidarsu ba ta shiga.

Hukuncin ya fi kora muni. Ba su ce ya yi laifi ba, ba su ce bai yi ba. Suka ce domin zaman lafiya an cire shi daga aji, an mayar da shi mai kula da sito, inda ake tara karyayyun kujeru da gadajen ɗalibai. Za a sake duba maganar idan wani daga cikin ɗaliban da iyayensu suka kai ƙara ya kawo shaida a rubuce. Shafi ɗaya da sa hannu, shi ke nan abin da ke tsakaninsa da aji. Kuma kowa ya san shafin wa zai fi nauyi, na 'yar dattijon ikilisiya wadda ta fi kowa maki.

Na gama kwaleji da sakamako mafi kyau a ajinmu. Aka tura ni Kagoro. Makarantar tana da ɗaki mai suna lab, amma ba komai a ciki sai jemagu. Me kuke tsammani na yi? Na je kasuwa na sayo zobo. Ba wanda ya ce uffan, don ni 'yar Azariya ce, ina rera waƙa a kwaya, zobona ba ya juya zuciyar kowa. Masu duba makarantu suka zo suka gani suka yaba. A 1990 aka kira ni Kaduna na nuna wa malamai sama da ɗari, aka tafa, aka ba ni takardar yabo. Wata mata ta tambaye ni inda na samo dabarar. Na ce tunani ne kawai ya zo mini ina kallon mamata tana miya.

Shi kuma yana sito. Ƙarfe bakwai da rabi kekensa yana jingine a ƙofa, kowace rana, ko ana ruwa. An ce ya ware kujerun da za su gyaru, ya gyara su da kansa. Ɗalibai sukan saci jiki su je masa da tambaya, ya warware musu a bayan kwali, ya ce su yaga idan sun gane. 'Yan'uwansa sun yi ta fama da shi ya ajiye aikin ya dawo rumfar citta, ya ƙi. Ya ce idan ya tafi ya amsa laifin ke nan.

Wata Laraba a 1991 ina tsakiyar gwaji da 'yan aji huɗu na ga mutum tsaye a taga. Malam ne, ya rame, gashin ya tafi. Ya shigo ya zauna a bencin baya kamar ɗalibi. Haka na ƙarasa darasin a gabansa. Da yara suka fita ya zo ya ɗaga kwalbar ga haske.

Ya ce, "Kagoro, tokarki ta yi ƙarfi. Ki ƙara mata ruwa. Kina tsallake musu launin tsakiya, daga ja sai kore, ba su ga hanyar ba."

Na ce, "To, Malam."

Ya ce ya ji labarin Kaduna, ya yi murna. Bai ce komai a kan wanda ya koya mini ba. Sai ya ajiye kwalbar ya ce, "Shafi ɗaya nake nema a wurinki. Ki rubuta abin da kika gani da abin da kika sha. Ba don sunana ba, wannan ya riga ya tafi. Aji nake so. Shekara uku ban riƙe alli ba."

Na ce masa bikina saura wata biyu, dangin miji suna sa ido, Baba kuma hawan jini ya kama shi. Na ce da zarar an gama biki zan rubuta in kawo da kaina. Ya ce, "To, Allah ya sanya alheri." Na ce ya tsaya ya ci abinci, ya ce ruwa ya ishe shi. Na raka shi bakin titi ya hau bas ɗin Kafanchan.

Aka yi biki. Na haihu. Baba ya rasu a 1993, na je jana'izarsa na zauna a sahun gaba kamar yadda na saya wa kaina. Daga nan ba sauran wanda zai kore ni daga ko'ina. Amma sai wani abu ya maye gurbin tsoro. Idan na rubuta, zan faɗa wa duniya cewa na yi ƙarya a gaban kwamiti, kuma takardar yabon da ke rataye a falona ta wani ce. Kullum sai in ce bayan jarrabawa, bayan Kirsimeti, bayan an yaye yaro. Sau biyu na hango shi a kasuwar Kafanchan yana tura keke. Duka biyun na shige rumfar masu atamfa na tsaya ina taya zanin da ba zan saya ba har ya wuce. Daga Kagoro zuwa ƙofar gidansa ba ya kai rabin awa a bas, na shekara huɗu ban iya wannan tafiyar ba.

Ya rasu ranar Talata da safe, cikin damina ta 1995. Ciwon ƙoda ne, an ce ya daɗe yana ɓoyewa. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi, kamar yadda Musulmi suke yi. Ni ban ji ba sai ranar Alhamis, a ɗakin malamai, wani yana faɗa yana cin gyaɗa. Ya ce, "Wannan malamin naku mai zobo ya mutu fa."

Ina da fili tsakanin darasi na uku da na huɗu. Na yagi takarda daga tsakiyar littafin shirin darasi na zauna na rubuta. Na faɗi buhu ɗaya da tukunya biyu, na faɗi jan fenti a wuyan kwalba, na faɗi ɗigo goma sha bakwai, na faɗi cewa na sani a ranar kuma na ce ban sani ba. Na sa hannu na sa kwanan wata. Na duba agogo, minti ashirin ya ɗauke ni, ko ƙararrawa ba a buga ba. Wannan minti ashirin ɗin ya fi komai ƙona mini rai.

Na bar yara da aikin aji na hau bas. Ranar sadakar uku ce. Maza suna zaune a tabarmi a ƙofar gida, Alhaji Saifuddeen a cikinsu yana jan carbi, yana karɓar gaisuwa kamar ɗan'uwa. Na wuce ciki. Mata sun cika tsakar gida. Mama Rahmatu tana zaune a bakin ɗakinta, ta lulluɓa da farin mayafi, ana zuwa ɗaya bayan ɗaya ana yi mata gaisuwa. Da layi ya zo kaina na durƙusa.

Na ce, "Mama, ya haƙuri?"

Ta ce, "Mun gode Allah." Ta gane ni tun kafin in yi magana, na gani a idonta.

Na miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta buɗe ta karanta tun daga sama har sa hannu, ba ta yi sauri ba. Ta ce, "Yaushe kika rubuta?"

Na ce, "Yau."

Ta ce, "Yau." Ta ninke ta yadda take. "Tun ranar da ya dawo daga Kagoro, kowace Litinin sai ya tsaya wurin masinjan ofis ya tambaya ko an kawo takarda. Har masinjan ya riƙa ɓuya idan ya hango shi. Litinin ɗin da ta wuce bai iya tashi ba, ya ce in aika a tambayo."

Kuka ya ƙwace mini, irin mai muni, da majina. Na ce, "Mama, ki yafe mini, don Allah ki yafe mini."

Ta miƙo mini takardar. Ta ce, "Ni ba ki yi mini komai ba. Wanda kika yi wa an kai shi shekaranjiya. Shi za ki kai wa."

Na ce, "To a nuna mini inda yake, ko daga nesa ne."

Ta ce, "Mata ba sa zuwa can."

Sai ta juya ta amsa gaisuwar matar da ke bayana, ni kuma na matsa gefe don na tare hanya.